Ɗan farin kakata da bai dawo daga Boma ba

Shekarun baya, tun Bature yana ƙasar nan, ina saurayi ina koyon ɗinki a wata rumfa a Fagge, na yi wani yawon nema wanda har yau, da furfurata da komai, ban manta da shi ba. Mahaifina na fita nema, ko in ce labarin yadda ya ƙare, don shi kam kowa ya riga ya san ba zai dawo ba.

Ina ɗan ƙarami aka ɗauke shi soja, lokacin yaƙin Hitila. Kafin nan dako yake yi a tashar jirgin ƙasa, yana loda buhunan gyaɗa. An ce mutum ne mai wuya da kafaɗa, shi ya sa da masu ɗaukar soja suka gan shi ba su yi wata-wata ba. Aka tafi da su Ikko, daga can aka zuba su a jirgin ruwa sai wata ƙasa wai ita Boma, gaba da Indiya. Da yaƙi ya ƙare, wasu suka dawo da kaki da manyan takalma da labarin da ba ya ƙarewa. Shi kuwa sai saƙo ya zo ta hannun mai unguwa cewa ya rasu. Iyakar abin da aka ce ke nan. Ba a faɗi ciwon da ya yi ba, ba a faɗi inda aka sa shi ba. Mahaifiyata ta yi takaba, daga baya ta yi aure a cikin birni, ni kuma aka bar ni wurin kakata, wadda ta haife shi.

Ban san fuskarsa ba. Abin da nake iya tunawa kawai wani dogon mutum ne yana goya ni a wuya ina riƙe masa kunnuwa, rigarsa tana warin gyaɗa da gumi. Na sha rufe ido ina ƙoƙarin leƙo fuskar daga sama, ban taɓa dacewa ba.

Shi ne ɗan farin kakata, kuma a nan maganar take. Yaran yanzu da uwa ke kiran ɗanta na fari da sunansa har maƙwabta su ji, ba lallai su gane ba. A zamaninmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta hira da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane, ko ciwo yake yi sai dai ta aiki wata ta dubo shi. Tun da aka yaye mahaifina aka kai shi riƙo wurin yayar kakana, sai da ya zama mutum ya dawo gida. In kakata za ta ambace shi sai ta ce "wancan", ko "yaron nan". Ko ranar da saƙon rasuwarsa ya zo, an ce gida ya cika da mata ana ta kuka, ita ce ke ba su haƙuri tana zuba musu ruwa a buta. Aka daɗe ana yaba mata a unguwa, ana cewa ba a taɓa ganin mace mai kara irinta ba.

Ni kuwa jika ne, babu kunya tsakaninmu ko ta sisin kwabo. "Maigida" take ce mini, kullum tana ƙorafin wai ta auri malalaci wanda ba ya cefane. Ni kuma in ce mata amaryar da ba ta da haƙori ko ɗaya ai sadakinta ƙosai ne. Haka muke, ni da ita a gida, muna faɗa muna shiryawa. Amma a duk surutun da muke yi, ban taɓa jin ta ɗauko zancen Boma ba, ni ma ban taɓa ɗauko mata ba.

Wata rana ta je suna a maƙwabta. A wurin akwai wata mata da wanta ya je yaƙin ya dawo, sai ta ɗauko hira, wai a can ƙasashen ba a binne mutum, itace ake jerawa a ɗora gawa a kai a cinna wuta. Mata suka yi ta salati suna tafa hannu, babu wadda ta tuna wa ke zaune a gefe. Kakata ta dawo gida kamar ba ta ji ba. Sai dai daga ranar tuwonta ya riƙa kwana a akushi, tsokanar da nake mata ma ta daina ramawa. Da ma ga tari yana damunta, ƙafafunta sun fara kumbura.

Ran nan da safe na ɗauki almakashina zan fita, sai ta ce, "Maigida, kai da kake yawo cikin mutane, wai da gaske ne akwai ƙasar da ake ƙona mutum in ya mutu?"

Na ce, "An ce akwai, Inna. Me ya kawo wannan magana da sassafe?"

Ta ce, "Ba komai. Ba don kowa nake tambaya ba."

Na kai bakin ƙofa sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa, kamar da bango take magana. "Har baƙo ma? Wanda ba ɗan ƙasar ba?"

A nan na gane. Tsohuwar nan tana jin ƙarshenta ya matso, kuma tana tsoron ta tafi da tunanin an ƙone ɗanta kamar kirare, babu wanka, babu sallah, babu likkafani. Ga shi ba ta da bakin da za ta tambaya, don duk duniya ta san ita ba ta zancensa. Na yi wa kaina alkawari zan nemo mata amsa, mai daɗi ko marar daɗi, tun tana iya ji.

Na fara da wani tsohon soja mai gadi a kantin wani Kwara, irin fararen baƙin nan 'yan kasuwa, kusa da rumfarmu. Saje ake ce masa, ko da yake na ji masu cewa ko kofur bai kai ba. Na kai masa goro, ya karɓa, ya gyara zama, ya shiga ba ni labarin yadda shi kaɗai ya kori Japanawa daga kan wani dutse. Sai da goron ya ƙare na samu na sa baki, na kwatanta masa mahaifina yadda aka kwatanta mini shi: ɗan Fagge, dogo, baƙi.

Ya ce, "Yaro, ai rabin bataliya dogaye ne baƙaƙe. Bindiga yake riƙewa ko kaya yake ɗauka?"

Na ce ina jin kaya, tunda ɗan dako ne.

Ya taɓe baki ya ce, "To ba ajinmu ɗaya ba. 'Yan kaya daban suke. Je ka ofishin 'yan mazan jiya."

Ranar da zan je ofishin nan na yi kwalliya kamar mai zuwa zance. Na sa rigar da na ɗinka wa kaina da Sallah, na shafa mai har goshina yana ƙyalli, na haddace gaisuwar Turanci guda ɗaya da wani abokina ya koya mini. Da na isa, akawun Bakano ne ɗan'uwana, gaisuwar tawa ta tashi a banza. Ya tambaye ni lambar mahaifina ta soja, na ce ban san soja suna da lamba ba. Ya yi mini bayani cikin mutunci cewa a soja ana rubuta mutum ne da sunansa da sunan garinsu, kuma masu irin sunan mahaifina da Kano a ƙarshe sun isa su cika kasuwa. Ya ce in nemi wanda suka zauna tare, shi ne kawai zai san abin da nake nema.

Daga nan na zama mayen tsofaffin soja. Na koyi gane su daga tafiya, da yadda suke ɗaure takalmi, da yadda suke miƙewa zumbur in Bature ya gifta. Na bi masu gadi, na bi masinjoji, na bi 'yan doka. Wani ya ce ya san shi sarai, sai daga baya ya bayyana Bazazzagi yake nufi mai tsage a kumatu. Wani kuma ina ambaton Boma ya tashi ya bar mini bencin bai waiwayo ba. Mai koya mini ɗinki ya gaji da ganin kekena a rufe, ya ce in da allura ce ta faɗa rijiya da tuni na tsamo ta. Kullum in na koma gida kakata ba ta tambaya ina na je. Sai dai ta kalli ƙurar ƙafata, ta tura mini ruwa.

Matambayi ba ya ɓata. Wani mai shayi a bakin tasha, wanda shi ma kaya ya ɗauka a yaƙin, ya ce mini akwai wani mai gyaran keke a Sabon Gari, Kirista, mutumin kudancin Zariya. Ya ce tare aka ɗebe su daga tashar Kano, kuma mai gyaran keken yana da wani aboki ɗan Fagge da suke cin abinci a kwano ɗaya, har ana kiransu tagwaye don tsokana. Ya ce, "Ɗan Faggen bai dawo ba. Iyakar abin da na sani ke nan."

Tsakanin Fagge da Sabon Gari ba wata tafiya ba ce, titi ne kawai da ɗan fili. Amma lokacin ba a daɗe da yin rigimar nan tsakanin mutanenmu da mutanen Sabon Gari ba, an yi asarar rayuka, kowa yana ɗari-ɗari da kowa. Abokina ya ce in zan je in cire hula kada a gane ni, kamar dai hular ce kaɗai ke nuna ni Bahaushe ne. Na tafi da hulata da rana tsaka. Na ratsa ta gaban shaguna ana ta kiɗan garmaho, ga ƙamshin manja da busasshen kifi, babu wanda ya ko ɗaga kai ya kalle ni. Duk tsoron da na ɗauko daga gida ni kaɗai na sha kayana.

Na same shi a gindin wata bishiya, keke a kife a gabansa, ya tsoma tub ɗin taya a daro yana neman inda ya huje. Gajere ne kakkaura, da furfura jefi-jefi. Na yi sallama, na fara jero bayanin da na saba jerowa. Ban kai rabi ba ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Tsaya. Je ka wurin falwayar can ka dawo."

Na ɗauka aike ne. Na je, na dawo, ban ga komai ba. Sai na tarar ya saki tub ɗin a ruwa yana kallon ƙafafuna.

Ya ce, "Tafiyarsa ce. Haka yake jefa ƙafar hagu. Kai ne yaron."

Ban taɓa sanin ina da tafiyar wani ba sai ranar. Na tsaya kamar an dasa ni, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, a tsakiyar Sabon Gari, da sabuwar hulata. Ya goge hannunsa a wando, ya kama ni ya zaunar a benci, ya kira matarsa ta kawo mini ruwa. Ya ce bayan an sallame su ya shigo Fagge yana cigiyar gidanmu har ya gaji, babu wanda ya gane wanda yake nufi. Dalili kuwa, sunan yanka aka rubuta a soja, shi ya sani. A Fagge kuma da laƙabi mahaifina ya tashi, don gidan da uwa ba ta faɗin suna, kowa bin ta yake yi.

Na kasa haƙuri, na ce, "Baba, abu ɗaya ya kawo ni. An ƙone shi?"

Ya ja baya kamar na mare shi. Ya ce, "Wa ya gaya maka haka? Da hannun nan nawa na haƙa kabarinsa." Na buɗe baki zan ƙara tambaya, ya tare ni. "Uwarsa tana da rai?"

Na ce tana nan.

Ya ce, "To ba kai zan fara gaya wa ba. Ita ta haifa, ita ke da haƙƙin ji. Ran Lahadi in mun taso daga coci zan zo."

Da na koma gida na ce, "Inna, wani baƙo zai zo gaishe ki ran Lahadi. Abokin wancan ne, tare suka je."

Ta ce, "Ni me ya haɗa ni da abokan yara?"

Amma ranar Lahadi tun da hantsi na ga ta share zaure da kanta, da kumburarrun ƙafafun nan, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta dama fura, ta ɗaura zanen da ba ta ɗaurawa sai da Sallah. Na ce amarya yau kuma abokin takara za a yi mini? Ta ce in rufe mata baki.

Ya zo bayan azahar, cikin tsohon kakinsa ya sha guga, da ƙunshin goro a hannu. Mutanen lungu suka bi shi da kallo har ƙofar gida. Ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Ta amsa tana zaune a karkace, fuskarta wajen bango, da mazari a hannu tana kaɗi kamar aikin ne ya fito da ita zaure.

Ya ce, "Mama, na zo ne in gaya miki yadda muka rabu da ɗanki."

Ta ce, "Ga ɗansa nan, shi ke tambaya. Gaya masa."

Sai ya juyo gare ni, ya yi ta ba ni labari, alhali ni da shi mun san ba ni ake gaya wa ba. Ya ce aikinsu ɗaukar kaya ne a ka, cikin duwatsu da dajin da mota ba ta shiga, ko alfadari ma wani wurin sai ya ƙi. Ya ce ruwan sama na ƙasar in ya fara ba ya sanin tsayawa, takalmi yakan ruɓe a ƙafar mutum. Bargo ɗaya suke rufa da mahaifina. In ɗaya yana addu'arsa ɗaya yana tsare kaya. Ya ce ranar da shi ya gurɗe a ƙafa, mahaifina ya haɗa kayan mutum biyu ya ɗauka har suka sauka gangare, yana yi masa dariya wai buhun gyaɗa ya fi wannan nauyi. Mazarin kakata yana ta juyawa, amma na lura zaren ba ya ƙaruwa.

Ya ce ba harsashi ba ne, zazzaɓi ne da gudawa suka kama shi cikin damina. Suka yi makara da gora suka riƙa ɗaukarsa suna karɓa-karɓa. Wata safiya, a gefen wani tudu kusa da rafi, ya cika, da kalmar shahada a bakinsa. Ya ce akwai Musulmi a cikinsu, ɗaya Bakatsine mai ɗan karatu, shi ya yi masa wanka, shi baƙon namu kuma yana ɗebo ruwa a gwangwani daga rafi. Likkafani kuwa, akwai farin ƙyallen laimar da jirgin sama ke jefo musu abinci da ita, shi suka yanka, sabo fil. Musulmin suka yi sahu suka sallace shi, shi kuma ya tsaya daga baya ya cire hula.

Ya ce, "Kabarin ni na haƙa, har da ƙaramin ramin nan na ciki yadda kuke yi. Muka jera itace da ganye don kada ƙasa ta taɓa shi. Babu wanda ya ƙone shi, Mama. An yi masa duk abin da ake yi wa Musulmi."

Na ji kakata ta sauke wata ajiyar zuciya mai tsawo, tana cewa alhamdu lillahi a hankali. Ni ma na ji kamar an sauke mini dutse. Da ya tsaya a nan da shi ke nan. Amma mutum ne mai son ya sauke amana cikakkiya, sai ya ƙara da cewa, "Muka kwantar da shi a kan hannun dama, kansa arewa, fuskarsa tana kallon yamma."

Mazarin ya faɗi ƙasa. Kakata ta juyo gaba ɗaya, karo na farko, ta zuba masa ido.

Ta ce, "Yaro, yamma ka ce?"

Ya ce, "Yamma, Mama."

Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kun sa shi ya ba alƙibla baya." Hannunta yana lalube a tabarma kamar ta yar da wani abu. Tun da muka buɗe ido, gabas muka san ana kallo, mai rai a sallah, mamaci a kabari. A raina na ce shi dai Kirista ne, ba laifinsa ba ne, amma Bakatsinen nan mai karatu ina hankalinsa ya tafi?

Baƙon bai ruɗe ba. Ya kwance ƙunshin goronsa, ya zaro uku, ya jera su a tabarma a gabanta. Ya taɓa na farko ya ce, "Mama, nan Kano." Ya taɓa na tsakiya, "Nan Makka." Ya taɓa na ƙarshe, "Nan Boma. Jirgin ruwa can bayan Makka ya kai mu. Wanda yake can, in yana son ya kalli Makka, sai ya juya inda rana ke faɗuwa."

Ya ce su ma ba su sani ba da farko. Ranar da aka sauke su a Indiya, Hausawan cikinsu suka yi alwala suka ja sahu suna kallon mafitar rana yadda suka saba. Sai ga Musulmin Indiya sun sheƙo da gudu suna kama kafaɗunsu suna juya su, babu mai jin yaren wani, har aka kusa ba hammata iska. Ya ce, "Ɗanki ya fi kowa gardama. Ya ce tun kakan kakansa gabas ake kallo, ba wani mai rawanin Indiya da zai juya shi. Sai da limaminsu ya zana masa a ƙasa sannan ya yarda. Daga baya shi ke juya sababbin zuwa yana musu dariya."

Kakata ba ta gamsu ba. Ta ce in kira mata Alhaji maƙwabcinmu, wanda ya je Makka a ƙasa ta Sudan ya yi shekaru kafin ya dawo. Alhaji ya zo, aka maimaita masa, ya duƙa ya dubi goron nan. Ya ce, "Gaskiya ya faɗa, Inna. A Ka'aba sahu zagaye yake yi. Mu muna ta wannan gefe, mutanen Indiya suna ta wancan, muna kallon juna, ɗakin Allah yana tsakiya. An binne shi daidai." Ya yi wa mamaci addu'a, muka shafa, ya fita.

Kakata ta miƙa hannu ta dafa goron Boma, ta daɗe a kansa. Sannan ta dafa na Kano da ɗaya hannun.

Ta ce, "Wato shi yana nan yana kallon nan."

Baƙon ya ce, "Haka ne, Mama."

"Ni kuma in na tsaya sallah ina kallon can."

"Haka ne."

Ta ce, "Duk shekarun nan." Ba tambaya ba ce.

Can ta ce, ba ta kalli kowa ba, "Ya bar wa ɗansa wata magana?"

Ya ce, "Ya ce in na koma in duba masa yaronsa. Na makara, amma ga shi Allah ya kawo mini shi." Sannan ya ce, "Ke kuwa Mama, ba zan yi miki ƙarya ba, bai taɓa ambatonki ba. Har na ɗauka maraya ne. Sai dai in an samu abu mai daɗi ya ce, da mutanen gida sun ga wannan."

Ta gyaɗa kai ta ce, "Ya yi daidai. Haka aka koya masa." Hawaye yana bin kumatunta, ba ta share ba, ba ta kuma ɓoye ba. Ban taɓa ganin kukanta ba sai ranar.

Baƙon ya sha furarsa, ta sa masa albarka har sai da ya rasa inda zai sa kansa, na raka shi har bakin titi. Da na dawo na tarar da ita inda na bar ta. Ban tambaye ta komai ba, ita ta fara.

Ta ce, "Ranar da zai tafi ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina. Ina tankaɗe, matan gida duk suna tsakar gida. Ya ce, za mu tafi. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ban ɗago kai ba, maigida. Ina jin takunsa har ya fita zauren nan. Na ce a raina in ya dawo na kalle shi a sace, yadda na saba."

Aka kira la'asar. Ta ce in miƙo mata buta. Ta yi alwala, ta shimfiɗa buzunta, ta fuskanci gabas. Ina daga bakin ƙofa ina kallonta. Ta daɗe a tsaye ba ta yi kabbara ba, kanta a ɗage, idonta a buɗe tana duban gabanta sosai, kamar bangon ɗakin ba ya nan. Sai can ta ɗaga hannu.

A makon nan ta sa aka yi waina aka raba sadaka, ta koma cin tuwonta, ta koma zagina a kan cefane. Ta ƙara damina biyu a duniya. Har ta koma ga Allah ban ji sunansa a bakinta ba, kuma ban taɓa ganin laifinta ba, don yadda aka raine ta ke nan, kuma ta biya abin da ya fi ƙarfin kowa a kai. Abokin mahaifina kuwa ya zama ubana na Sabon Gari. Da Sallah ya zo ya ci tuwo, da Kirsimeti in je in ci shinkafa, shi ya raka ni neman aure, har shekaru suka ja ya koma garinsu. Duk abin da na sani game da mahaifina, yadda yake dariya, da abin da ke ba shi haushi, daga bakinsa na tsinta kaɗan-kaɗan a gindin bishiyar nan, yana faci ina riƙe masa taya.

Da aka haifa mini ɗan fari, na riƙa kiransa da sunansa gatsal, ina ɗaukarsa a gaban kowa. Dattawan unguwa suka ce ɗinki ya cinye mini kunya. Na bar su da maganarsu.

Ban taɓa zuwa Boma ba, kuma na san yanzu ba zan je ba. Tudun nan da rafin, na tabbata daji ya daɗe da haɗiye su, ko na je babu mai nuna mini. Yau na girmi mahaifina nesa ba kusa ba, ina da jikokin da suka fi shi shekaru, amma har yanzu kewarsa nake yi irin ta yaro. Kullum in na shiga sahu na fuskanci gabas, kafin in ɗaga hannu nakan ɗan dakata, in dubi gabana, in yi musu addu'a shi da ita a zuci. Waɗanda ke kusa da ni a sahu sun ɗauka tsufa ne.